AIKIN DOGON HUTU A SANSANIN TAFIYAR DAJI

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an gama jarrabawar ƙarshe aka raba sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a ɗakunan kwana: me za ka yi da dogon hutu? Ga yawancin ɗalibai amsar a shirye take. Gonar masara da ta dawa suna jira, ciyawar Agusta kuwa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Waɗansu za su tsare shagon kawu a Ƙanƙara ko Funtuwa, waɗansu su bi motar kaya zuwa kasuwar Sheme, waɗansu kuma su koyi ɗinki ko gyaran babur. Duka aiki ne mai albarka.

Akwai wani aikin hutu da ba a cika maganarsa a wajenmu ba, wato taimako a sansanin da ake koya wa matasa tafiyar daji da kaya a baya. Mun sani cewa a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in aka ambaci daji gaban iyaye yakan faɗi, kuma suna da dalili. Za mu zo kan wannan. Amma da yake ana gayyatar manyan ɗalibai su taimaka a irin wannan sansani, ya kamata su da iyayensu su san abin da aikin ya ƙunsa kafin su ce i ko a'a. A taƙaice aikin shi ne wannan: yawan mutanen da suka tashi da safe, yawansu ke nan za su dawo, kowa da lafiyarsa. Duk abin da za mu bayyana a ƙasa hanya ce ta cika wannan amana.

Mene ne sansanin tafiyar daji?

Wuri ne da ake tara matasa na 'yan kwanaki ko 'yan makonni, a raba su ƙungiya ƙungiya, kowace ƙungiya ta fita da ƙafa ta kwana a waje. Kowa yana goye da jakarsa, a cikinta akwai abinci da ruwa da abin shimfiɗa. Babu mota a bayansu, babu kanti a gabansu. Su ne za su nemi hanya da taswira, su kafa tanti, su dafa abin da za su ci.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja fataucin goro da ƙafa da jakuna, tafiyar watanni. Ayarinsu yana da madugu, uban tafiya, wanda ke yanke shawarar inda za a ya da zango, yana kuma da jagaba mai wucewa gaba don duba hanya. Sansanin zamani ya sāke sunaye ne kawai, amma tsarin yana nan.

A ƙasar Turai abin ya soma ta hannun ƙungiyoyin yara. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo a 1883, ya kai yaransa sansanin farko a 1886. Baden-Powell kuma ya kwana da yara wajen 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, daga nan Sikawut ta samo asali. Boys' Brigade ta iso Legas a 1908, Sikawut kuwa ta shigo Nijeriya a 1915.

Sa'an nan a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami mai suna Kurt Hahn da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a bakin teku a yankin Wels na Birtaniya. Damuwarsu ita ce samari matuƙa jirgi da ke hallaka bayan an nutsar da jirginsu, saboda ba su taɓa gwada wahala sun ga iyakar ƙarfinsu ba. Suka ga ya fi kyau saurayi ya fara haɗuwa da sanyi da yunwa da tsoro a gaban malami, kafin ya haɗu da su shi kaɗai.

Inda ake yin sa

Wannan tunani ne Alec Dickson ya kawo Afirka ta Yamma a 1951, sa'ad da ya buɗe sansani a Man O' War Bay, kusa da garin Biktoriya wanda ake kira Limbe yanzu, a gindin babban dutsen Kamaru. A lokacin ana mulkin yankin tare da Nijeriya. Bayan yankin ya koma Kamaru a 1961, aka dawo da cibiyar cikin Nijeriya, daga baya ta zauna a duwatsun Shere kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,800. Ita ce cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da ɗan ƙasa da shugabanci, wadda kowa ya fi sani da Man O' War. Tana da makarantar ruwa a Apapa ta Legas, ta kuma buɗe rassa a waɗansu jihohi, har da ɗaya a Kwatarkwashi ta Jihar Zamfara. Yayyenku da suka yi bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, sun ɗanɗana irin horonta a makonni uku na sansaninsu.

A Amurka kuwa wannan aiki sana'ar hutu ce sosai. Akwai wani sansanin Sikawut mai suna Philmont a jihar Niyu Meksiko, wanda aka kafa a 1938 a kan filin da wani attajiri, Waite Phillips, ya bayar kyauta. Kowane hutun rani yana ɗaukar ma'aikata fiye da 1,000, da yawansu ɗaliban jami'a, kuma sai wanda ya kai shekara 18. Ƙungiya takan yi tafiyar kwana 12 a cikin duwatsu. Ma'aikacin da aka haɗa ta da shi yakan raka ta kwanakin farko, ya koya mata karanta taswira da tsabtace ruwa da adana abinci, sa'an nan ya bar ta ta ci gaba da shugabanninta, ya koma ya karɓi wata.

A nan ƙasarmu, ɗalibin sakandare zai fi samun irin wannan dama ta hannun Sikawut, ko Boys' Brigade da Girls' Brigade, ko kulob ɗin Man O' War, ko ƙungiyar agaji ta Red Cross. Matsayinsa kuwa na mataimaki ne a ƙarƙashin babban mutum mai horo. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, bai kamata a ɗora masa ƙungiya shi kaɗai ba, ko da ya fi kowa ƙarfi.

Ayyukan da ke ciki

Wanda ya ji an ce sansani yakan tuna hawan dutse da waƙa a bakin wuta. Gaskiyar magana, mafi yawan aikin ɗibar ruwa ne da wanke tukunya da ƙirga kai.

Na farko akwai mai sito. Shi ke riƙe da littafin kaya: tanti nawa aka fitar, tukunya nawa, adda nawa, wa ya karɓa. Shi ke auna abinci ya raba wa ƙungiyoyi. In ya yi kuskuren mudu ɗaya a ranar tashi, a kwana na uku yara za su kwana da yunwa.

Na biyu akwai mai ruwa da girki. Shi ke tabbatar da cewa ba wanda ya sha ruwan da ba a tsabtace ba, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Na uku akwai mai gaba, wato jagaba. Yana riƙe da taswira da kamfas, ba wanda zai wuce shi. Na huɗu shi ne mai baya, ba kuma wanda zai bari a bayansa. Sabbin ma'aikata sukan yi rububin gaba, amma malaman sansani sun san cewa baya ta fi wuya. A can ne mai ɗingishi yake, da mai kukan gida, da wanda jakarsa ta tsinke. Mai baya yana bukatar haƙuri fiye da ƙarfin ƙafa.

Na biyar akwai mai akwatin magani. Kafin a tashi shi ke karanta takardar lafiyar kowane yaro, ya san mai sikila, da mai asma, da mai farfaɗiya, da maganin da kowannensu ke sha. Mai sikila, alal misali, ƙishirwa da sanyi da gajiya mai tsanani suna iya tayar masa da ciwo, saboda haka sai da shawarar likita zai shiga tafiya. Idan akwai 'yan mata a ƙungiya, dole a sami babbar mace a cikin ma'aikata, wurin kwanansu kuma daban.

Lissafi kafin a tashi

Tafiya mai kyau a kan takarda ake fara ta. Bari mu ɗauki ƙungiya ta mutum 12.

Nauyin kaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Yaro mai kilo 50, kilo 10 ne iyakarsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka in ya ɗauki lita 3, kilo 7 ya rage masa na abinci da tufafi da gidan sauro da rabonsa na kayan ƙungiya. Shi ya sa ma'aikaci ke sa kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa kafin a tashi. Takalmi na uku da rediyo da kwalbar turare duk a sito za su kwana. Kaya masu nauyi a sa su kusa da gadon baya, tufafi kuma a ƙulle su cikin leda saboda ruwan sama.

Ruwa. Mai tafiya cikin zafi yana bukatar lita 3 zuwa 4 a yini, wani lokaci fiye da haka. Mutum 12 sau lita 4, lita 48 ke nan, kusan jarka biyu masu lita 25, ban da na girki. Ba mai iya ɗaukar na kwana uku. Ke nan hanya tana bin ruwa ne, kuma ba a tashi sai an san rijiya ko famfon da za a samu a kowane zango.

Lokaci. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya ba da wata ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake amfani da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 300 za ta ci awa biyu da rabi ke nan. Amma wannan lissafin babban mutum ne mai ƙarfi. Ga yara masu kaya a cikin taɓon damina, sai a ninka shi. A watan Agusta rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 7, don haka ya kamata a isa zango tun ƙarfe 4, a kafa tanti a yi girki da sauran haske.

Abinci. A zaɓi wanda ba ya lalacewa kuma ba ya cin itace da yawa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, garin kunu, shinkafa, taliya. Wake yana da kyau amma yana daɗewa a wuta. Fura da nono ba sa kwana.

Yini guda a kan hanya

Ma'aikaci yana riga kowa tashi, yana kuma bayan kowa kwanciya. Da asuba ya hura wuta ya tafasa ruwan sha na yini. Bayan karin kumallo a kwance tanti, a kashe wuta da ruwa har tokar ta yi sanyin da za a iya taɓa ta da hannu, a tsince kowace leda. Sa'an nan a ƙirga kai. Kowane yaro yana da lamba, su faɗa a jere daga 1 zuwa 12. Ana yin wannan ƙirga duk lokacin da za a tashi daga hutu, da duk mararraba, da bayan an haye ruwa. Yara za su gaji da ita har su yi gunaguni. A ci gaba da yi.

Saurin ƙungiya shi ne saurin wanda ya fi kowa nawa, don haka a sa shi kusa da gaba. Bayan kowace awa a huta minti 10, kowa ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba. A hutun farko ma'aikaci ya sa a cire takalma ya duba ƙafafu. Inda fata ta yi ja tana zafi, a manna filasta tun ba ta ɗuri ruwa ba. Sabon takalmi shi ne babban abokin gābar matafiyi. Tsohon kambas da safa mai kauri sun fi shi.

Wurin zango a zaɓi tudu, nesa da bakin rafi, ba a ƙarƙashin busasshen reshe ba. Bayan gida a haƙa rami mai zurfin tafin hannu, taku 70 ko fiye daga ruwa, a rufe shi da ƙasa. Itacen girki a tsinci busasshe. Ba a sarar ɗanyen ice, balle kaɗanya ko ɗorawa da mutanen ƙauye ke ci daga gare su. Ba a ratsa gonar mutane, ba a kuma ya da zango a ƙasar wani gari sai an gai da mai gari an nemi izini.

Kowane yaro ya rataya usur a wuya. Wanda ya ga ya rabu da 'yan'uwansa, ya tsaya cik a inda yake, ya busa sau uku, ya saurara, ya sāke. Yaron da ya ɓata ya ci gaba da tafiya yana ƙara faɗin wurin da za a neme shi ne kawai.

Haɗarin damina

Dogon hutunmu yana faɗawa a tsakiyar damina, Agusta kuwa ita ce ta fi kowane wata ruwa. Abubuwa biyar ne ma'aikaci zai sa wa ido.

Ƙorama. Rafin da aka haye da safe ruwa iya idon sawu yana iya cika da la'asar, ko da ba a yi ruwa a wurin ba, gama an yi shi a can sama. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da babban mutum. In an tarar da shi haka, a jira ya janye ko a koma. Kada a yi wanka a kududdufi ko tafki, saboda tsargiya, wato fitsarin jini.

Tsawa. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙara, ka raba da uku, ka sami nisanta. In bai kai daƙiƙa 30 ba, haɗari ya yi kusa. A sauka daga kan dutse, a nisanci itace mai tsayi da ke tsaye shi kaɗai, a fita daga ruwa, yara su warwatsu kada su cunkushe wuri ɗaya. Tanti ba ya tare aradu. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba za a ci gaba.

Maciji. Kububuwa, wadda ake kira gobe da nisa, ita ce ta fi yi wa manoman Arewa ɓarna, gama dafinta yana hana jini daskarewa. Akwai kuma kasa da kumurci. Rigakafin shi ne takalmi rufaffe, da tocila da dare, da kakkaɓe takalmi da safe, da ƙin sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In an yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a dogara ga baƙin dutse. A kwantar da mutumin, a cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar a jikin sanda yadda ba za ta motsa ba, a rubuta lokacin, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Allurar kashe dafi ce magani, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji, amma ya yi wa yawancin wurare nisa. Dole tun kafin a tashi a bincika asibiti mafi kusa da ke da allurar.

Gudawa. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, amma kwalara da taifot suna nan. A tace ruwa da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya kāsa sha, ko an ga jini, sai asibiti.

Sauro. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, don haka a faɗa wa iyaye cewa in yaro ya yi zazzaɓi bayan ya dawo gida, a kai shi gwaji.

Maganar tsaro a yankinmu

Yanzu mun zo kan abin da ke zuciyar kowa. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji da ƙafa. A ranar 17 ga watan aka sako su, gwamnati ta ce su 344 ne. A 2021 aka yi irin haka a Jangebe ta Zamfara, da makarantar Bethel Baptist a Kaduna. Aka sāke yi a Kuriga a 2024, da makarantar St. Mary's ta Papiri a Jihar Neja a 2025. A watan Satumba na 2021 kuma gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni.

Darasin a fili yake. Dajin Rugu, da dajin Kogo, da dazuzzukan Birnin Gwari, ba wuraren da za a kai yara ba ne sai hukuma da mutanen wurin sun tabbatar da cewa zaman lafiya ya zauna da gindinsa. Duk wanda ya gayyace ku aikin sansani a irin waɗannan wurare, ku ƙi, ku kuma sanar da iyaye da malamai. Ko a waɗansu jihohi ma, ba a cewa wuri lafiya yake don bara an je an dawo. Kowace shekara sai an sāke bincike. Kada a dogara ga wayar hannu kaɗai. A bar takardar hanya da sunayen matafiya da lokacin dawowa a hannun wani babba a gida, a sanar da 'yan sanda da hakimin wurin. Kada a sa hoto ko sunan zango a Facebook ko WhatsApp sai an dawo.

Fāsa tafiya ba ragwanci ba ne, yana cikin aikin. A 2018 gobarar daji ta ci wani sashe na Philmont, shugabanninsa suka soke tafiye-tafiyen cikin duwatsu na wannan hutu, ko da yake dubban yara sun riga sun shirya. Madugun kirki ma haka yake yi: in jagaba ya dawo da mummunan labari, ayari ya sauya hanya ko ya zauna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wannan bai hana koyo ba. Kusan duk abin da muka lissafa ana iya koyon sa da rana a cikin shingen makaranta: kafa tanti a filin ƙwallo, zagaya fili da jaka mai kilo 10, zana taswirar makaranta, tafasa ruwa da itace kaɗan, ɗaukar majiyyaci a kan bargo da sanduna biyu.

Lada, da tambayoyin da za a yi

A sansanonin ƙungiyoyin sa kai, mataimaki ba ya cika samun albashi. Abin da aka saba shi ne abinci da wurin kwana, wani lokaci kuɗin mota ko ɗan alawus, da takardar shaida. Wanda ke bukatar kuɗin makaranta daga aikin hutu, ko wanda gonar gida ta dogara da hannunsa, ya auna wannan da kyau tare da iyayensa. Ribar aikin tana wani wuri: sanin taimakon gaggawa, riƙon littafin kaya, iya magana da yaro mai tsoro, da shaidar babban mutum cewa an ba ka amana ka riƙe.

Kafin ɗalibi ya amsa, iyaye su nemi amsar waɗannan a rubuce. Wace ƙungiya ce ta shirya, wa ke shugabanta, shugaban makaranta ya san ta? A ina za a kwana kowane dare? Manya nawa ne ga yara nawa, wa ke da horon taimakon gaggawa? Wane asibiti ne mafi kusa, da wace mota za a kai mara lafiya? Hukumar tsaro ta sani? Me za a biya, yaushe? Sansanin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce a biya kuɗi tukuna kafin a faɗi wurin, a rabu da shi.

Kammalawa

A ƙarshen 2020, shekarar da aka kwashi ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, dajin Kogo na Jihar Katsina yana cikinsu. Ranar da zaman lafiya ya dawo, za a bukaci mutanen da suka san ƙasar, suka iya taswira, suka iya kai baƙi su dawo da su lafiya. Zai yi kyau a same su a cikin 'ya'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kafin wannan rana, wanda ya sami sansani mai tsari a wuri mai aminci, iyayensa kuma suka yarda, ya je ya koya, ya nemi a sa shi a baya. Wanda bai samu ba, ya fara a filin makaranta. Muna yi wa dukan ɗalibai fatan hutu lafiya, a dawo a cike kamar yadda aka tafi.